Ƙafafun Keken Yaya a Hanyar Gwiwa

Ko da zan tsufa har in manta hanyar gidanmu, ba zan manta da ranar da na shiga tsere da ƙafafun keken Yayana ba. Wautar tawa ta fara ne daga wata jaka da aka ce kada in buɗe. Ni kuwa a lokacin, in kana so in taɓa abu, to ka ce kada in taɓa shi.

Yaya ɗan tseren keke ne na gaske, irin masu sa wandon nan mai kama jiki da Ummanmu ke kawar da kai idan ta gani. Ya daɗe yana fafutuka kafin ya samo wasu ƙafafu biyu na gwanjo, baƙaƙe wuluk, masu siririyar taya kamar ɗan yatsa. Ya ce mini ba ƙarfe ba ne, kabon ake kiransa. Da ya miƙo mini ɗaya na ɗaga, saura kaɗan in faɗi ta baya, don na shirya ɗaukar nauyi sai na ji kamar faifai na riƙe. A ranar Asabar ɗin makon za a yi gwajin zaɓen waɗanda za su yi wa jiha tsere, kuma saboda wannan gwajin ya nemo su. Ya zura su a jaka, ya rataye a ɗakinmu, ya tafi Kano neman robar burkin da ta dace da su.

"Na kwalta ne," in ji shi yana bakin ƙofa. "Ko kallonsu kada ka yi da yawa."

Na ce, "Haba Yaya, ni ɗin?"

Matsalar ita ce mu ma yaran unguwa muna da namu tseren. Duk bayan girbi mukan tashi daga bayan garin Kazaure, mu sauka daga kwalta mu bi wata hanyar burji da ta yi wajen Gwiwa, mu zagayo wata ƙatuwar kuka mu dawo. Ba a ba da kyautar komai, sai dai wanda ya ci ya yi shekara yana cika baki. Wanda yake ci kullum kuwa wani yaro ne daga wata ruga ta wajen Roni, mai kawo nono gari a kan keken ƙarfe da ya fi bajimi nauyi. Duk sanda ya wuce ni sai ya waiwayo ya ce, "Ɗan birni, in jira ka ne?" Wannan maganar ta hana ni sakat shekara guda.

Ranar tseren na buɗe jakar. Tsohon keken Yaya nake hawa, don haka ƙafafun suka shiga daidai kamar don ni aka yi su. Na dura musu iska har tayar ta yi tauri kamar dutse, saboda na ga haka Yaya yake yi. Abokina, wanda bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka haife shi, ya zagaya keken yana gyaɗa kai.

"Mutumina, yau ba tsere za ka yi ba, tashi sama za ka yi."

A ɗan guntun kwaltar farko kam na tashi. Ina taka feda sau ɗaya keken ya yi tafiyar taku goma. Na waiwaya na hango sauran yaran can baya kamar ƙudaje, har na fara shirya abin da zan faɗa wa mai nono. Sai muka sauka burji.

Ban san hanya tana da haƙora ba sai ranar. Duk wata tsakuwa da ke tsakanin Kazaure da Gwiwa sai da ta gaisa da ƙashin bayana. Haƙorana na karo da juna, idanuna na ganin kuka uku maimakon ɗaya. Da na shiga yashi, siririyar tayar ta nutse kamar wuƙa a cikin tuwo, kan keken ya riƙa zaɓar inda yake so ya je. Na kama burki, ya yi wata ƙara da ta sa jakin wani dattijo ya zubar da buhunan gero. Duk dutsen da ya daki rim ɗin da tayar ke zaune a kai kuwa, ba a kunne nake jin ƙarar ba, a cikina nake jinta, fuskar Yaya na fito mini. Wajen kukar mai nono ya zo ya wuce ni a natse, kamar mai zuwa gaishe da kakarsa.

"Sabuwar ƙafa ce? Allah ya sa alheri. In jira ka ne?"

Ban ci ba, ban ma zo kusa ba. Amma da muka tsaya na duba ƙafafun, sai na yi hamdala: babu abin da ya fashe. Ta gaban ce kawai ta ɗan karkace, in ta juya tana gogar robar burki kaɗan. Da na tsaya a nan, da labarin ya ƙare da ranƙwashi ɗaya.

"Wannan ai ƙaramin abu ne," in ji abokina. "Cire ta."

Duk yaron da ya tashi da keken ƙarfe ya san maganin rim ɗin da ya karkace. A kwantar da shi a ƙasa, a tokare gefe da dutse, a hau ɗaya gefen a danna har ya miƙe. Mun yi wa kekunanmu haka ba adadi. Abokina ya riƙe, ni na hau, wai don na fi shi rashin nauyi. Na danna a hankali, shiru. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Sai muka ji wata 'yar ƙara, irin ta busasshen karan dawa idan aka taka.

Abokina ya tuna an aike shi.

Na koma gida na goge ƙafafun, na cike tsagar da ta fito a rim ɗin da man goge takalmi, na mayar da su jaka. Daga nan zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa jakar, in koma zaure. Umma ta dube ni ta ce, "Kai, cinnaka ne a wandonka ko wani abin ka ɓata?" Na ce zafi ne. Abin da yake cina ba tsoron duka ba ne kaɗai. Man ya ɓoye tsagar sosai, har ni da na san wurin sai na lalubo. Idan na yi shiru, Yaya zai hau wannan ƙafar ranar Asabar, ya sako gangara da gudun da ya fi na babur.

Washegari da la'asar ya dawo da robar burkinsa a aljihu, yana fara'a. Ya miƙa hannu zai sauko da jakar, na riga shi magana.

"Yaya, kada ka hau ta gaban."

Na faɗa masa komai, har da jakin. Ya zauna a bakin katifa, ya goge man da babban yatsa, ya daɗe yana kallon tsagar. Sannan ya bi siraran wayoyin da ke riƙe da rim ɗin yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wadda ta saki.

"Burjin bai yi mata komai ba," ya ce. "Wannan wayar ce kawai. Da ka kawo mini, da kafin a kira magariba na ɗaure ta." Ya ɗago. "Kai ka hau kanta?"

"Ni ne, Yaya."

Na sunkuyar da kai ina jiran ranƙwashi, bai zo ba. Na so ya zo, wallahi. Cewa kawai ya yi in je in ciro masa ƙafar gaban tsohon keken in wanke ta.

Tun daga ranar na koyi cewa in abu baƙo ne a wurina, gyaran da na saba ba lallai ya zama nasa ba, kuma tambaya kafin a taɓa ta fi bayani bayan an ɓata sauƙi. Yaya ya tafi gwajin da kabon a baya, tsohuwar ƙafata mai nauyi a gaba. Ya gama tseren lafiya, bai faɗi ba. Ba a ɗauke shi a shekarar ba.