Nasiha da Abincin Turawan Ingila

Shekara talatin da huɗu Nasiha ta yi a Makka, kuma babu shekarar da ba ta dafa wa baƙin wani abinci ba. Daga Maraɗi ta zo tana 'yar ashirin da biyu, tare da mijinta Mukhtaru, wanda ya ce mata farali kawai za su sauke su koma. Suka sauke farali, Mukhtaru ya samu ɗinki a shagon wani ɗan garinsu, komawa ta zama ta baɗi, har aka daina zancenta. Sun sha zaman ɗar-ɗar kafin takardun zama su samu. 'Ya'ya uku ta haifa, biyu suka rasu tun suna goye, Rawan kaɗai ta tsaya. Rawan na da shekara tara Mukhtaru ya rasu, ya bar musu ɗaki biyu na haya a hawa na uku da keken ɗinkin da Nasiha ba ta iya takawa ba.

Girki ne abin da ta iya. Idan hajji ya gabato, manyan gidajen unguwar Aziziyya suka cika da alhazai, sai ta shiga kicin ɗin ƙasa na ɗaya daga cikinsu. Da yankan albasa ta fara, buhu-buhu, har idonta ya daina hawaye. A shekara ta huɗu aka ba ta tukunya. Ranar Arfa kuwa, tun kafin rana ta yi zafi sun ɗure abincin mutum dubu an loda a mota. In alhazai sun watse, ta koma gida tana suyar waina da ƙosai, Hausawan unguwa suna aikowa da kwanukansu.

Wata shekara alhazan Ingila suka kama gidan da take aiki. Yawancinsu asalin Pakistan ne, sun fi ta cin yaji. Amma akwai wata tsohuwar Baturiya da ta musulunta da furfurarta, ta zaɓi suna Maryama. Kwana uku farantinta yana dawowa kamar yadda ya tafi. A na huɗu ta dogara sanda ta sauko kicin da kanta. Ba ta jin Hausa, Nasiha ba ta jin Turanci. Larabcin tsohuwar na littafi ne, na Nasiha na kasuwa, sai su haɗu a tsakiya hannu ya ƙarasa sauran.

Tsohuwar ta nuna niƙaƙƙen naman rago, ta nuna albasa da karas, ta sa aka soya su tare aka zuba a tire. Ta sa aka dafa dankalin turawa, aka kirɓa shi da man shanu da madara, aka shimfiɗa a kan naman, ta ja masa layi-layi da cokali mai yatsu, aka tura murhun gashi har samansa ya yi ja. Ta ce a ƙasarsu sunansa abincin makiyayi. Nasiha ta yi dariya har da riƙe ciki, don ita makiyayin da ta sani fura da nono yake sha. Amma ta ga tsohuwar ta cinye rabin tiren, ta ga washegari ta iya tafiya Harami da ƙafarta.

Kafin Maryama ta koma ƙasarsu ta koya mata wasu uku: cinyar rago da ake gasawa a hankali da dankali, a yi romo mai kauri da ruwan da ta tsatso, wani ƙullun fulawa da ƙwai da madara da ake zubawa cikin mai mai zafi ya kumbura kamar hula, da kek na dabino da ake kwarara masa narkakken sukari da man shanu. Wannan na ƙarshe ya fi ba Nasiha mamaki. Ta ce, mutanen da ko bishiyar dabino ba su da ita, su ne suka san a yi masa haka?

Sau ɗaya ta gwada abincin makiyayin a gida. Zali, matar yayan Mukhtaru, wadda ke zaune a hawa na farko, ta kai loma ɗaya ta ajiye cokali.

"Nasiha, wannan ai abincin marar lafiya ne. Ina yajin?"

Nasiha ba ta yi musu ba. Amma kowace shekara ba a rasa wani alhaji mai lalataccen ciki da za ta yi wa, kuma kowane yi tana ƙara wani abu: citta, masoro, tafarnuwa, attarugu ɗaya tak da za a cire kafin a zuba. A shekara goma sha biyar abincin ya zama nata, ko da yake ba wanda ya sake cinsa a ƙarƙashin rufinta.

Rawan ta girma, ta karanci aikin jinya, ta auri Talal. Kakan kakan Talal da ƙafa ya zo daga Kano, amma su yanzu 'yan ƙasa ne, Larabci suke yi a gida, Hausa ta rage a bakin tsofaffinsu kawai. Su suka kama zauren biki, su suka yi odar abinci. Nasiha ta zauna a kujerar gaba cikin sabon leshi, ana ta kawo mata faranti kamar kowace baƙuwa. Ta yi murna har zuciyarta, sai dai hannunta ya rasa abin yi.

Bayan kwana goma ta aika wa matan dangin ango cewa tana gayyatarsu azuma, wato cin abincin rana, ran Asabar. Ba a jima ba Haifa, mahaifiyar Talal, ta bugo waya.

"Ya Ummu Rawan, mun ji, mun gode. Amma don Allah kada ki wahalar da kanki. Mu ashirin da biyu ne. Zan sa a kawo kabsa daga gidan abinci, ke dai ki dafa shayi. Duk rayuwarki kina bakin wuta, ki huta mana."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, Nasiha ta san haka. Duk da haka ba ta amince ba.

"Ummu Talal, Allah ya saka da alheri. Na dafa wa mutanen Masar, na dafa wa na Turkiyya, na dafa wa waɗanda ban san sunan ƙasarsu ba. Ban taɓa shimfiɗa wa baƙona na kaina ledar cin abinci ba. Ki bar mini wannan."

Da ta ajiye wayar sai ta zauna tana tunanin abin da za ta dafa. Kabsa da salig, dafe-dafen shinkafa na mutanen Makka, sun fi ta sanin su. Tuwo da miyar kuka kuwa tsofaffinsu za su ci da marmari, 'yan matan su tsakura don kara. Ta yanke shawara za ta kawo musu abin da babu wadda ta taɓa ci a gidan wata.

Zali ta tafa hannu da ta ji.

"Abincin Nasara za ki ba surukai? Babu shinkafa? So kike a ce uwar amarya ta taɓu?"

"Yaya Zali, ragon halal ne, dankalin na kasuwar nan ne, dabinon na Madina. Hannun kuma nawa ne."

Rawan ma ta kira, muryarta a sanyaye, rabi Hausa rabi Larabci. "Inna, in ba su ci ba fa?"

"In ba su ci ba, mu ci. Ke dai ki zo da wuri ki gyara falo."

Kwana biyar ke gare ta. Abu uku ta san ba za su ba ta kunya ba, ƙullun mai kumburi ne ya tsaya mata. Ba ta da irin kwanon da tsohuwar ta yi amfani da shi, sai ta ɗauko tandarta ta ƙarfe ta waina, mai gida goma sha biyu, ta cusa a murhun gashi. Ranar Litinin ya fito a kwance kamar fanke ya sha ruwa. Ranar Talata ta ƙara ƙwai, ya tashi kaɗan ya koma. Ranar Laraba ta bar man ya yi zafi har ya fara hayaƙi, ta zuba ƙullun, ta rufe, ta shiga ɗauro alwala. Tana fitowa ta tarar da Zali durƙushe ta buɗe ƙofar murhun tana leƙe.

"Yaya! Dama ke ce kike buɗewa?"

"To ba sai na duba ko ya ƙone ba? Jiya ma na duba miki."

Sai a lokacin Nasiha ta tuna yadda Maryama ta taɓa buge mata hannu da cokali a kan wannan ƙofar. Ta sake kwaɓa wani, ta jawo kujera ta zauna a gaban murhun kamar mai gadi, ta tura Zali sayen na'ana'a. Bayan minti ashirin suka fito sun yi tozo, ja-ja-ja, cikinsu da rami. Ta ɗauki ɗaya ta ci a tsaye tana hura yatsu.

Sauran matsalar murhu ce. Nata ƙarami ne, tire ɗaya yake ci. Ta bi maƙwabta. 'Yar Jawa ta hawa na biyu ta ba ta nata, 'yar Burma ta hawa na huɗu ma ta ba ta, Zali ta bayar tana gunaguni. Ran Asabar tun bayan asuba ta soke cinyoyin rago uku da wuƙa, ta cusa musu tafarnuwa, ta raba su gida-gida. Daga nan ta kama hawa da sauka. Gwiwarta ta hagu ta daɗe tana ciwo, ta ɗaure ta da tsohon ɗankwali ta ci gaba. Kowace cinya sai an buɗe an ɗebi romonta an yayyafa mata, kuma ba ta yarda wani ya yi mata ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya gas ɗin 'yar Burma ya ƙare, cinyar tana rabi. Nasiha ba ta tsaya jimami ba. Ta naɗe hannu da tawul, ta sauko da tiren yana tsatsar mai, ta fitar da kek ɗin da ya riga ya nuna daga nata murhun, ta tura cinyar.

Da ta shiga kicin ɗin Zali duba ta ƙarshe, sai ta ga wata ƙatuwar tukunya a lungu an lulluɓe ta da bargo. Ta ɗaga. Shinkafa ce fal.

Zali ta kau da kai. "Don tsaro na yi. Ba na son a ji kunya."

Nasiha ta mayar da murfin.

"Ki bar ta nan. Ba za ta hau sama ba sai an ɗanɗana nawa. In wata ta nema, ni zan ce ki kawo."

Bayan azahar baƙi suka iso, ƙamshin turare ya cika matakala. Falon ya yi musu kaɗan, 'yan mata suka zauna har bakin ƙofar ɗaki. Rawan ta shimfiɗa leda, Nasiha ta jera tire-tire da kanta. Ba wadda ta san ta inda za ta fara.

Wata tsohuwa, gwaggon Talal, ta dubi ledar daga wannan kai zuwa wancan, ta ce da Hausar Kano tsantsa, "Yarinya, ina abincin?"

'Yan matan suka ƙunshe dariya. Rawan ta sunkuyar da kai. Nasiha ta durƙusa a gaban tsohuwar duk da gwiwar, ta yanko nama daga wajen da ya fi laushi, ta ɗora a ramin mai kumburin nan, ta kwarara romo.

"Gwaggo, ki fara da wannan. In bai yi miki ba, akwai shinkafa a ƙasa."

Tsohuwar ta kai baki, ta tauna a hankali. Ta sake kaiwa.

"Naman ya nuna," ta ce. "Wannan wainar kuma ba ta da laifi. Amma a kawo mini shinkafar, in zuba mata wannan romon."

Nasiha ta yi dariya, ta ce wa Zali ta kawo. Kafin tukunyar ta iso sama, sauran sun nutsa. Haifa ce ta fara sa cokali a abincin makiyayi, ta ci, ta ɗaga gira, ta jawo tiren gabanta. 'Yan matan suna ɗaukar hoto suna tambayar Rawan da Larabci, a ina mamarta ta koyi wannan. Miyar na'ana'a mai tsami da ta yi don naman ba wadda ta taɓa sau biyu, haka ta koma kicin. Shinkafar Zali mutum huɗu suka ci, Zali na cikinsu, amma an ga ta ɗora mata dankalin gashi. Da aka kawo kek na dabino da ɗuminsa, sukarin yana gangara ta gefe, sai hira ta tsaya cak. Gwaggon Talal ta sa aka ƙunshe mata yanka biyu ta kai wa mijinta.

Nasiha ba ta ci komai ba. Tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ƙafarta ta kumbura, tana kallon mata ashirin da biyu suna miƙa wa juna faranti a falonta.

Da la'asar ta yi aka fara sallama, Haifa ba ta bi su ba. Ta cire awarwaronta ta ajiye a kan firji, ta naɗe hannun riga, ta tsaya a wurin wanke-wanke.

"Haba Ummu Talal, ki bari mana."

"Halas, shi ke nan, na riga na jiƙa hannu. Ke zauna." Ta wanke tire ɗaya, sannan ta juyo, ta lalubo Hausarta da ƙyar. "Wata mai zuwa yayar Talal za ta haihu, za a yi sunan jikata. Wannan na dabino, za ki yi mana? Ko ki koya mini?"

Nasiha ta jawo kujera ta zauna, ta miƙe ƙafar, ta fara kwance ɗankwalin da ke gwiwarta.

"Koya miki zan yi. Wata mai zuwa alhazai sun fara sauka, ina Aziziyya. Ki zo ran Talata da safe, ki taho da dabino kilo ɗaya, mai laushi, da man shanu na gaske. Kuma ki ce wa Rawan ta biyo ki. Ita ma ba ta iya ba."