Rufin Gidan Kaka Kinue

Shekara hamsin da tara Kinue Hatakeyama ta yi tana sauke dusar ƙanƙara daga kan rufin gida ɗaya. An kawo ta gidan tana amarya 'yar ashirin da biyu, ranar da ƙanƙarar farko ta kwanta uwar mijinta ta miƙa mata shebur ta nuna mata tsani. A ƙauyenmu na cikin tsaunukan Akita, idan sanyi ya kankama ba a tambayar mutum lafiyarsa, rufinsa ake dubawa. In ƙanƙara ta kai ƙugu a can sama ba a sauke ta ba, ƙofofi su fara ƙin buɗuwa, katako ya fara kuka, kowa ya san mai gidan ya gaza.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda, Noboru, yana aikin ofis a birnin Sendai, kuma tuni ya kama mata ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Sun yi rigima a kan wannan ɗaki har suka gaji, a ƙarshe Noboru ya yanke magana.

"Inna, ranar da rufin nan ya gagare ki, ranar zan zo in ɗauke ki. Ba na son gardama."

Ta yarda, don a ganinta ranar ba mai zuwa ba ce. Tana da shekara tamanin da ɗaya, kuma tunda take ba ta taɓa ɗora wa kowa nauyinta ba.

Gidan da ke fuskantar nata na Malam Orville ne, mutumin Jamaika da aka ɗauko ya koyar da Turanci a makarantu uku na kwarinmu. Dogo ne, mai yawan fara'a, bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai da ya zo nan. Shekara shida ya yi a cikinmu, ya kama rayuwarmu hannu biyu-biyu. Shi ne buga ganga a bikin girbi, shi ne zama da dattawa kowace Lahadi suna lallasa shi a dara yana dariya, shi ne shiga ruwan zafi na gidan wanka har sai an ce ya fito kada ya dahu. Mun so shi, ba ƙarya. Amma mu mutane ne da za mu koya wa baƙo riƙon tsinken cin abinci da yadda ake rusunawa, abin da zai amfane shi kuwa mu bar shi a cikinmu.

A wajen Kinue ya koyi ƙyafe daikon, farin tushen nan da muke ratayewa a kan hayaƙi kafin a jiƙa shi da gishiri. Duk ƙarshen kaka suna rumfar bayan gidanta, idanu na zubar da hawaye.

"Malam, wannan ɗauri ne ko wasan yara? Hannu kamar faranti, amma igiya ta fi ƙarfinka."

"Kaka, a ƙasarmu ba a rataye abinci, ci ake yi."

"Shi ya sa ka yi wannan tsawo na banza. Miƙo min wancan."

Tana jin daɗinsa ƙwarai. Tun rasuwar mijinta ba ta sami mai mayar mata da magana ba sai shi.

A watan Janairu aka yi kwana uku ƙanƙara tana zuba ba ƙaƙƙautawa. Ranar Asabar Kinue ta shiga bas zuwa asibiti saboda ciwon gwiwa. Da ta dawo da la'asar ta tarar da rufinta fes, Malam na tsaye a gindin tsani, ya jiƙe da gumi, yana washe baki. Ta waiga, ta ga maƙwabciyarta Tsuyako a bakin taga.

Me za ta ce wa mutumin da ya yi mata aikin yini guda da zuciya ɗaya? Ta rusuna ta gode.

"Ka wahalar da kanka, Malam. Kada ka sake."

"Haba, Kaka, ba komai."

Ba laifinsa ba ne. Shekara shida muna nuna masa cewa a nan sai mutum ya ƙi abu sau uku kafin ya karɓa. Asabar ta gaba tana kasuwa, ya sake hawa.

Washegari ta haɗu da Tsuyako a shagon shinkafa.

"Yaya Kinue, kin yi dace da sabon ɗa a tsufanki. Hutawa ta zo. Noboru zai ji daɗi in ya ji."

'Yar Tsuyako a Sendai take aure, unguwa ɗaya da Noboru. Kinue ta gane inda maganar ta dosa. Ta so ta tsallaka titi ta gaya wa Malam komai, ta kasa. In ta faɗa, ta fitar da sirrin gidanta waje, kuma ta ce wa mutum alherinsa cuta ne. Ta zaɓi abin da ya fi mata sauƙi.

Ran Litinin ƙanƙara ta sake zuba. Ba ta hau da sassafe ba, ta jira sai da titi ya cika da masu share ƙofar gida, mai raba wasiƙu ma ya shigo, sannan ta jingina tsani. Gwiwar tana suka a kowane mataki. Da ta kai sama ta kafa ƙafa ta fara yanka ƙanƙara gunduwa-gunduwa tana turowa ƙasa, kamar yadda aka koya mata tana amarya. Mutane suka ɗaga kai sau ɗaya, suka sunkuyar, suka ci gaba da shara. Sun san abin da take yi, shaida take nema cewa rufin bai gagare ta ba, kuma suna ba ta. Ta yi rabin rufin, ranta fari tas.

Sai ga Malam ya fito da jakarsa zai tafi makaranta.

"Kaka! Me kike yi a can? Sauko, don girman Allah."

"Wuce, Malam, yara na jiranka."

"Ku kuma kuna kallo? Ba wanda zai ce mata komai?"

Suka ci gaba da shararsu. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ransa a ɓace, yana ganin mugayen mutane ne. Yana da lambar Noboru, wanda ya ba shi wata shekara ya ce ko wani abu zai taso. Daga can sama Kinue tana gani ya zaro waya, ya ɗauki hotonta, ya kara wayar a kunne. Ba ta kira shi ba. Ta juya ta ƙarasa rufinta har kusurwar ƙarshe, ta sauko da ƙafarta.

Noboru ya iso ran Laraba da akwatuna biyu.

"Inna, har sai baƙo ne zai kira ni? Ga hotonki nan a wayata. Gari duk ya ga na bar uwata a kan rufi."

"Ai na sauke ta. Hau ka duba."

"Ba wannan ce maganar ba."

"Ita ce maganar da muka yi da kai."

Ya ci gaba da naɗe barguna. Ta san ɗanta. Tsoro zai iya haɗiyewa, kunya a gaban baƙo ce ba zai iya ba.

Malam ne ya ɗauki akwatunan zuwa mota. Idanunsa sun yi ja, amma hankalinsa a kwance yake, irin na wanda ya ceci rai. Ta dube shi tana neman fushi a zuciyarta, ba ta samu ba, wannan kuwa ya fi komai yi mata ciwo. Da mugu ne ya yi mata haka da ta sami abin riƙewa.

"Kaka, can akwai ɗumi, akwai likitoci. Ki huta kawai. Ni zan kula miki da rufin har ki dawo."

Noboru ya kau da kai. Kinue ta gyara mayafin wuyanta.

"Malam, sau ɗaya zan faɗa maka, kuma ba kara ba ce. Kada ka hau rufin nan."

"Kaka, in ba a sauke ba ai gidan zai rushe."

"Na sani."

Ta rusuna masa ƙasa sosai, ta shiga mota. A wannan karon ya ji maganarta. Kullum da safe yakan tsaya a ƙofarsa da shebur a hannu ya dubi gidan, sannan ya share gabansa kawai. Gidan ya kai ƙarshen Fabrairu, sannan ya rufta.