Zangarniyar da ta ƙi sunkuyawa

Shinkafar kakata Inna ja ce, irin ta gargajiya mai bin ruwa, in ambaliya ta hau ita ma sai ta ƙara tsawo. Bayan rasuwarta cikin tafi ɗaya kawai ya rage, a ƙulle cikin tsumma a ɗakin Baba a Ambursa. Ni na lallashe shi ya ba ni. Lokacin ina aiki a wata gonar gwaji a Birnin Kebbi, kaina ya cika da ilimi, na ce zan haɗa ta da farar shinkafa mai yawan 'ya'ya.

Irin ya tsufa, uku kaɗai suka tsiro. Da safe nakan buɗe furen farar da ɗan almakashi, in cire namijin da hantsaki, in kaɗa mata garin furen jar, in rufe da takarda. Ban rufe jar ba. Wannan wauta tawa ce, kuma tsuntsaye ba su bar ko ƙwaya ɗaya ba.

Ban gaya wa Baba ba, tsoro ya hana ni. Abin da ya rage na shinkafar uwarsa yana cikin 'yan ƙwayoyin da haɗin ya bayar, su na shuka a gefen gonarsa da damina ta zagayo.

Jinsin biyu ba ɗaya ba ne, don haka abin da suka haifa kusan duk fanko yake fitowa. Na san da haka, na san kuma a cikin ɗaruruwa za a sami 'yan ƙalilan masu ciki. Amma manomi in ya ga zangarniya ta miƙe ƙyam ba ta sunkuya ba, ya san ciyawa ce. Kullum in na taho gida a kan babur, sai na fara biyawa gonar in ga ko suna nan tsaye.

Wata Asabar na iso na tarar an yanke su, sai kututture.

Baba na tsakar gida, ragonsa na tauna zangarniyoyin da ya yanko. Ya ce, "Wagga shinkahwa taki ba komi cikinta, ɗiyata. Mutane na ta yi muna dariya."

Na ce, "Baba, ta Inna ce. Babu saura ko'ina."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya janye ragon, ya durƙusa a ƙasa, ya soma matsa ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya tsakanin yatsunsa, don idonsa ya yi rauni amma hannunsa ya san mai ciki. Har azahar muna nan. Huɗu muka samu.

Na miƙa hannu in karɓa. Ya dube ni, ya tashi ya ɗauko tsumman nan na kakata, ya ƙulle su da kansa.