Gwiwar Zalɓe

Kakata Alhaja Wosila mutuniyar Ilori ce, amma a Fagge ta yi aure, a Fagge ta tsufa. Kwanuka take sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Idan ta dawo aka yi sallar isha'i, sai ta zauna gaban murhu tana jiran ruwan shayinta ya tafasa, mu kuma jikoki da 'ya'yan masu haya mu kewaye ta. A bakinta "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya ne, amma mu ba mu taɓa lura ba.

Ina aji shida, lokacin da kuɗin fetur ya shigo ƙasa, aka kawo wa makarantarmu rikoda mai ɗaukar magana. Malam Sabo, mai koyar da mu Hausa, bai yarda a kulle ta a ofishin hedimasta ba. Ya koya mana saka kaset da danna jan maɓalli, ya ce kowa zai je da ita gida ya ɗauko tatsuniya.

Da na ajiye ta gaban Alhaja, sai ta ja ƙafarta.

"Sakiratu, wannan akwatin zai riƙe muryata har bayan na mutu?"

Na ce, "E, Alhaja."

Ta ce, "To bari in gyara ɗaurin ɗankwalina."

Tatsuniyar gajera ce. Fatake za su haye rafi da kayansu, suka aiki kunkuru ya dubo zurfin ruwan. Ya iso bakin rafi ya tarar da zalɓe yana fitowa, ya ga babu dalilin jiƙa jikinsa, sai ya tambaye shi. Zalɓe ya ce, "Ai iya gwiwa ne." Kunkuru ya koma ya faɗa. Fatake suka ɗora masa gishiri ya wuce gaba, yana shiga ya nutse, ya fito da buhu babu komai.

"Zalɓe bai yi ƙarya ba fa," in ji Alhaja. "Gwiwarsa ce ba ta kowa ba."

Da aka kunna kaset ɗin a aji, tun kafin kunkuru ya kai rafi aka fara dariya. Wasu na kwaikwayon muryarta. Sai Binta, wadda muke benci ɗaya, ta ɗaga hannu.

"Malam, ba haka take ba. Kurege ne, kuma raƙumi ya tambaya. Kakarta ba ta iya ba, ai ba Bahaushiya ba ce."

A Fagge aka yanke cibiyata, amma ranar na ji kamar baƙuwa. Na sunkuyar da kai ina jira Malam ya faɗi wadda ke da gaskiya. Bai faɗa ba. Ya hana dariyar, sannan ya ce wa Binta, "A ina kika ji?" Ta ce wajen kakarta. Ya miƙa mana rikodar mu biyu, ya ce mu je mu ɗauko ta kakar Binta, mu nemi wata tsohuwar ma, kuma mu tambayi kowacce daga bakin wa ta ji.

Muka tafi ba ma yi wa juna magana, kowa riƙe da gefe ɗaya na jakar. Kakar Binta, Inna Yalwa, ta ba mu ta kurege da raƙumi. Da muka tambaye ta inda ta ji, ta ce wajen mahaifinta, wanda ya yi fataucin goro zuwa Kurmi, can ƙasashen kudu. A Sabon Gari wata Banufiya mai sayar da busasshen kifi ta ce ta san ta, amma a tasu kaza ce ta tambayi agwagwa. A wajen tsohuwar nan Binta ta fara yi mini magana, don da muka kunna mu ji, batir ya yi sanyi, muryar agwagwa ta koma ta ƙato, muka kasa riƙe dariya.

Malam ya kunna duka ukun a jere. Ba wanda ya yi dariya da aka zo kan Alhaja. Da na ba ta labari a gaban murhu, ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Goro ya zo Kano, labari ba zai zo ba?"

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin ranar da aka wanke kakata. Sai da na zama malama, ɗalibai suka fara kawo mini abin da suka samo a waya suna cewa "haka aka rubuta", na gane abin da Malam Sabo ya yi. Yawancin abin da suke kawowa ba ƙarya ba ne, wani ne ya auna ruwa da ƙafarsa. Don haka ba na ce musu ku daina duba waya. Nakan ce, wa ya faɗa, a ina yake tsaye, wa kuma ka tambaya bayansa? Wasu kan ɓata rai, su ce aikin ya yi yawa. Gaskiyarsu ce, yana da yawa. Sai in ba su mako guda, in haɗa kowa da wanda ya fi musu da shi.