Ragon da Na Yanka a Bakin Tur'a

Shekarar da aka kawo injin haƙa gonakin Suki, ni ne rayyis, shugaban masu yashe tur'a, wato hanyar ruwan da ke shayar da auduga. Mu ashirin ne, duk ƙauyenmu ɗaya. Aka ce injin zai ɗauke rabin aikin, aka sallami tara. Ni na karanta sunayen.

Waɗanda suka rage jikinsu ya mutu. Waƙar aiki ta ɗauke. Da hantsi kowa sai ya ja gefe da kisrarsa, wainar dawa, alhali a da tire guda muke kewayewa. Mufattishi, mai duba aikin gonakin, ya kira ni ya ce in aikin bai farfaɗo ba, sauran ma za su bi sahu.

Sai na sayi rago. Ranar Alhamis na sa aka yanka a bakin ruwa don a ci a warware. Abin da na manta shi ne, a ƙasar nan ba a yanka haka kawai. Karama ce, godiyar wanda Allah ya tsallakar daga masifa, kuma dole a kai wa maƙwabta. Maƙwabtanmu kuwa su ne mutum taran nan.

Dattijon cikinmu, wanda aka sallami ƙanensa, ya tsaya yana kallon mai fiɗa.

"Rayyis, wa ya haihu?"

"Ba kowa, Baba. Don ku ji ƙarfi ne."

"Madalla. To kason ƙanena, kai za ka kai mashi ko ni? In ya ce godiyar mi muke yi, in ce ta an kore shi an bar mu?"

Wani ya fara dariya, ya haɗiye. Na ce ba haka nake nufi ba.

"Na sani," in ji shi. "Amma kwana goma ke nan, ka taka ƙofar ko ɗaya daga cikinsu?"

Ban taka ba. Kunya ta hana ni, har hanyar masallaci na sauya.

Ba wanda ya yarda ya ci, sai naman ya tafi gidan Larabawan da ke kiwo a tsallake. Aikin ya farfaɗo daga baya, don tsoro, ba a ƙara sallamar kowa ba. Da kaka dattijon ya ajiye sheburinsa, ya bi ƙanensa Dinder noman dawa. Na je sallama na tarar motar da ya shiga ta tashi tun bayan asuba.