Masa Muniru da Jar Jita

Muniru ɗan Moshi Zango ne, a nan aka yanke masa cibiya, kuma tun kafin gemu ya fito masa yake aikin gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Ni Talle, ni nake buga ganga a bayansa shekara da shekaru, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar faranti. Idan noti ya ƙi kwancewa a Magazin ba a neman babban sifana, Muniru ake aika wa. Yaransa na kiransa Masa, kamar yadda ake kiran kowane mai gidan sana'a a Kumasi, har sunan ya bi shi gida.

Ba shi da rowa, ba ya cin amana, kuma ban taɓa ganin ya bar salla ta wuce shi ba ko da yana ƙarƙashin mota. Ciwonsa guda ne: abu mai kyau ba ya yi masa kyau sai ya gan shi a hannun wani. Ko wake da shinkafa muka saya a kwano ɗaya, naman da ke gefena shi ne ya fi girma a idonsa. Mun sha yi masa tsiya a kan wannan, yana dariya, yana cewa ƙarya muke yi masa.

Jita kuwa a wurin wani direba Ba'ashante ya koya, wanda motarsa ta daɗe a garejinsu tana jiran kayan gyara. Mahaifin Muniru ya yi faɗa har ya gaji. Kiɗan Muniru irin na mai aikin ƙarfe ne. Yakan dafa gindin tafinsa a kan jaki, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a cikin jitar, ya danne, sannan ya riƙa dukan tsirkiya da babban yatsa. Sautin na fitowa gajere-gajere, mai nauyi, ba ya gaggawa. Matan Zango sun ce kiɗan Muniru ba ya barin ƙugu ya huta. A ƙungiyarmu shi ke tsayawa a gaba, shi ke buɗe waƙa, kuma sunansa ake kira idan an zo gayyatar mu biki. Wannan tsayuwa ta gaba ita ce duk sarautar da ya mallaka a duniya, kuma yana ji da ita.

Shi da kansa ya kawo Musah. Musah tela ne a Alabar, siriri, mai sanyin magana, yatsunsa dogaye kamar na mace. Ya zo ya durƙusa ya ce yana son koyo, Muniru ya koya masa da zuciya ɗaya, ya kuma roƙa aka sa shi a baya yana raka kiɗa. Ba a daɗe ba sai muka lura mutane na leƙa bayan Muniru. Wata rana a wani suna, Hajaratu mai koko ta taso da hankicinta za ta share wa makaɗi gumi, yadda mata ke yi idan kiɗa ya ratsa su. Muniru har ya sunkuyar da goshi. Ta wuce shi ta je ta share wa Musah. Ina bayansa, na ga yadda jijiyar wuyansa ta tashi, kuma daga ranar ya daina kiran Musah da sunansa, sai dai ya ce telan nan.

Kayan kiɗanmu duk na Baba Karimu ne, wani mai fataucin goro da ke da motoci. Mutum ne mai son a ce nasa ya fi na kowa, kuma ba ya wasa da kayansa. Ya taɓa korar mai busa mana ƙaho don kawai ya sami ƙahon a loɓe. A shekarar da aka sami mulkin kai, ya ji wata ƙungiya daga Ankara, babban birnin ƙasar, ta zo da jita mai aiki da lantarki, sai ya rantse Zango ba za ta zauna a baya ba. Ya kwashe mu da hantsi, ni da Muniru da Musah, zuwa wani kanti a Adum.

Jita biyu mai kantin ya sauko mana da su. Ɗaya baƙa ce, ba ado. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai ƙarfe ɗaya mai ɗaukar sauti ya kai wa lasifika, wanda mu muka laƙaba wa suna kunne. Jakinta a kafe yake a jikin katako, ko ka hau kansa ba ya motsi. Ɗayar ja ce, tana sheƙi. Kunnenta biyu, ɗaya kusa da wuya mai ba da murya mai kauri, ɗaya kusa da jaki mai ba da siririya, da ɗan makunni na sauya su. Jakinta kuma ba a kafe yake ba, a kan sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai miƙewa ya dawo, yake lilo, an haɗa masa wani siririn mariƙi na ƙarfe. Idan ka danna mariƙin sai sautin ya lanƙwasa ya dawo.

Mai kantin ya jona waya ya ce a gwada. Muniru ya fara ɗaukar baƙar. Ya dafa tafinsa a kan jaki ya saki kiɗansa, wallahi sai da masu wucewa suka tsaya a bakin ƙofa. Kamar don shi aka ƙera ta. Na ga fuskarsa ta saki, na ce a raina an gama. Sai Musah ya ɗauki jar a hankali, ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya shafi mariƙin da ƙaramin yatsa. Jitar ta yi wani kuka irin na goge. Musah ya lumshe ido, bai ma san yana murmushi ba.

Baba Karimu ya ce zai sayi duka biyun. Sannan ya yi abin da kowane dattijo zai yi wurin rabo.

"Muniru, kai ne babba," in ji shi. "Zaɓa, ka bar ma yaro saura."

Muniru bai dubi jitocin ba. Musah ya duba, ya daɗe yana dubansa.

"Masa," na ce masa ƙasa-ƙasa, "baƙin nan naka ne paa. Kowa ya ji."

"Wa ya tambaye ka?" ya ce. Ya miƙa hannu ya karɓi jar daga hannun Musah.

Musah ya sakar masa. Ya ɗauki baƙar ya goge ta da gefen rigarsa, ya ce an gode.

To, kwaɗayi mabuɗin wahala. Jar jita ba ta son nauyi, shi kuwa Muniru nauyi ne duk kiɗansa. Da ya dafa tafi a kan jaki sai jakin ya nutse, duk tsirkiyoyin su kauce daga muryarsu. Idan ya ɗaga hannun sai kiɗansa ya zama na wani, ba gishiri. Wani lokaci yana cikin duka sai gefen hannunsa ya bugi makunnin, muryar ta tashi daga kauri ta koma tsiwa a tsakiyar waƙa. Mariƙin kuwa idan ya kama shi kamar ya kama giyar mota yake yi, jitar ta yi ihu maimakon kuka. Ya yi ta fama da ita bayan ya tashi daga aiki, har yaransa suka riƙa sulalewa. Na ba shi shawara ya mayar, ya ce sabo ne kawai bai yi ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne baƙar ba ta rage Musah da komai ba. Kunne ɗaya, murya ɗaya, amma telan nan ya sa ta tana magana. Sai ya zama Muniru na gaba yana kokawa da abin da ya ƙwace, kunnensa kuma na baya yana sauraren abin da ya bari. Na tausaya masa, na kuma ji haushinsa, don mu ma yana jawo mana kunya.

A bikin wata Barkisu a Alabar, bayan la'asar, abin ya fashe. Ana tsakiyar rawa tsirkiya ɗaya ta tsinke masa. A baƙar jita wannan ba komai ba ne, sai ka ci gaba da sauran. Amma a jar, da ɗaya ta tsinke sai sifirin ya ja jakin, sauran duka suka rikice. Abin da ya fito daga lasifika ko akuya ba za ta yarda nata ba ne. Mata suka tsaya da rawa, wasu suka toshe baki. Musah ya ɗauki waƙar daga baya ya kai ta ƙarshe, aka yi ta guɗa, Muniru na tsaye a gaba yana murɗa tsirkiya.

Washegari Baba Karimu ya kira su. Bai yi faɗa ba, ya ma yi adalci.

"Ran Asabar ku canza," ya ce. "Muniru ka ɗau baƙin, ka tsaya gabanka yadda ka saba. Musah ya riƙe jan a baya. Magana ya ƙare."

A hanya na ce masa ai ya gode wa Allah, an bar masa wurinsa, an kuma ba shi jitar da ta dace da hannunsa.

"Talle, kai ba ka da hankali koraa, ko kaɗan," ya ce. "In telan nan ya riƙe wannan ƙarfe ya sa shi kuka, wa zai duba gaba? Ko a saman mota na tsaya ba mai gani na."

Ranar Asabar da safe na biya Magazin don mu tafi tare. Na same shi a kan benci, jar jita a cinyarsa, zarton ƙarfe a gefe. Ya yanke mariƙin tun daga gindi, ya bar guntun a cikin raminsa yadda ba za a iya sa wani ba. Ya cusa ɗan ƙarfe a ƙarƙashin jakin ya ɗaure tam. A fasa kowa ya rasa ke nan. Na ce inna lillahi, ka san Baba Karimu kuwa? Ya jona ta don ya tabbata ba ta mutu ba, ya dafa tafinsa a kan jakin kamar kullum, ya buga.

Jakin bai motsa ba. Kiɗan Muniru ya fito cak, irin na da, har ya fi na da kauri. Ya buga na ɗan lokaci, sai ya tsaya ya zuba wa jitar ido. Duk watannin nan abin da take buƙata ke nan, kuma aikin da bai fi ƙarfin kowane yaronsa ba ne. Bai yi shi don ya gyara wa kansa ba, sai yanzu da ya yi don ya ɓata wa wani, ranar da zai miƙa ta.

A gidan bikin, kafin a fara, Baba Karimu ya ce a yi musayar a gabansa. Idonsa ya sauka a kan guntun ƙarfen. Ya shafa wurin da yatsa, ya ɗago a hankali.

"Wa ya yanka min kaya?"

'Yan ƙungiya duk muka dubi Muniru, don mun san wanda ya yi wannan ya gama kiɗa da kayan Baba Karimu.

"Baba, ni ne," in ji Musah. "Ni na roƙi Masa ya cire min shi. Yana kama min hannun riga. Ka yi haƙuri, ban nemi izini ba."

Baba Karimu ya wanke shi tas a gaban mutane, ya kira shi tela marar kunya wanda bai san darajar kaya ba. Musah ya durƙusa ya shanye. Da yake Baba Karimu ba ya son rasa shi, sai ya ce tun da shi ya lalata ta, shi zai riƙe ta har ta mutu. Aka fara kiɗa. Muniru ya tsaya a gaba da baƙar jita, ya yi kiɗan da ban taɓa jin ya yi kamarsa ba, mata suka yi rawa har ɗankwali na faɗuwa. Amma ko sau ɗaya bai yi murmushi ba, bai kuma waiwaya ba.

Da muka kama hanyar gida kafin magariba, mun kusa masallaci sai Muniru ya juyo ya dube ni.

"Ka ga abin da telan nan ya yi min?" ya ce. "A gaban mutane."

"Masa, asirinka fa ya rufa. Wurinka ya cece maka."

"Shi ne ai," ya ce. "Da can wurina ne. Yanzu shi ya ba ni."

Asabar ta gaba bai zo ba. Baba Karimu ya aika, ya ce aiki ya yi masa yawa. Ni ma na je na yi magiya har na gaji, Musah ya je gareji ya durƙusa a cikin baƙin mai, Muniru ya ce ba komai, yatsunsa ne suka yi tauri. Dole Musah ya koma gaba. Muniru ya ci gaba da gyaran motarsa, ya yaye yara da yawa, ya aurar da 'ya'yansa, ya tsufa da mutuncinsa a Moshi Zango. Idan muna kiɗa a unguwarsu yakan sami uzurin zuwa wani wuri.

Musah bai taɓa yanke shi ba. Kowace salla sai ya ɗinka riga da hannunsa ya kai masa, Muniru ya karɓa, ya sa albarka, ya tambayi iyali. Ranar da Muniru ya rasu muka buɗe akwatinsa, muka sami rigunan duka a ninke, ko ɗaya bai taɓa sawa ba.