Mai Fiffike da Kujerar da Ta Karkata

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayin, wanda daga baya maƙwabta suka laƙaba wa suna Mai Fiffike, a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ba shi da abin tinƙaho sai tashar jirgin ƙasa da wani tsohon filin saukar jiragen sama da ciyawa ta cinye rabinsa. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma ma'aikaciyar jinya, kuma shi ne na uku a cikin 'ya'yansu biyar. Daga uban ya gaji haƙurin goge katako har ya yi sumul, daga uwar ya gaji rashin ƙyamar jikin mutane. Taurin kan da ya yi suna da shi kuwa, kowane ɓangare na dangi ya ce daga ɗaya ɓangaren ya ɗauko.

Yana ɗan shekara tara wani ƙaramin jirgi mai fesa wa gonaki magani ya sauka a filin nan saboda matsalar inji, matuƙin kuma ya bar yaran gari suka shafa fiffikensa. Da ya koma gida ya shaida wa mahaifinsa cewa jirgi ba wani abin mamaki ba ne, mutane ne suka haɗa shi da hannu, shi ma kuma zai haɗa nasa. Mahaifin ya ce masa madalla, amma fa sai ya ƙarasa ƙafar bencin da ya bari tun jiya tukuna.

Karatu da aiki

Ya kammala firamare a 1964, sakandare kuma a 1969. Ya nemi gurbi a makarantar horar da matuƙa jiragen sama bai samu ba, don haka bisa shawarar mahaifiyarsa ya shiga makarantar kimiyyar lafiya, inda ya koyi ƙera ƙafafu da hannayen roba ga waɗanda suka rasa nasu.

A 1973 ya kama aiki a asibitin ƙashi, a wani dogon ɗaki da ke bayan ɗakin wanki, inda farar ƙurar filasta ke kwanciya a kan komai, ƙafafun da ba a gama ba kuma suna jere a kan kanta, kowace da takalminta. Tsarin aikin shi ne a naɗe dungulmin ƙafar mutum da bandejin filasta, a jira ya bushe, a zare shi ya fito da siffar jikin, sannan a lulluɓe siffar da ƙyallen zaren gilashi, a shafe shi da wani irin gam mai daskarewa ya yi ƙarfi kamar ƙashi. Shekara talatin ya yi a wannan ɗaki. Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa sun haddace maganar da yake maimaita musu har suka gaji da jinta: "Kada ku gyara mutum don ya dace da ƙafa. Yadda jikinsa ya zo, haka za ku ɗauka, jiki ya san abin da yake yi."

Aure da 'ya'ya

A 1977 ya auri wata malamar lissafi wadda ta rako ƙanenta a yi masa ƙafa, ta leƙa takardar awon da yake cikawa, ta nuna masa inda ya yi kuskuren haɗa lamba. Bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Malama. Ita kuma in tana zolayarsa Injiniya take ce masa, in maganar ta gaske ce ta ce Baban yara, don haka tun daga kalmar farko yake sanin irin zancen da ke tafe.

Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku: Babban Yaya a 1978, sai mace a 1981 wadda ake kira Shiru saboda ba ta rufe baki, sai wata macen, Auta, a 1987. Da yaran suka ɗan tasa, ya shiga ƙungiyar masu koyon tuƙin ƙananan jirage a wani fili da ke bayan gari, ya kuma sami lasisinsa a 1991, yana da shekara arba'in.

Fara ginin jirgi

A 1994 ya sayo zanen wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu a jere, irin wanda mutum ke ginawa da kansa, hukuma ta yi masa rajista a matsayin jirgin gwaji. Da ya karanta zanen sai ya ga ai sana'arsa ce: a yanka soso mai tauri ya zama siffar fiffike, a shimfiɗa masa ƙyallen gilashi, a shafa gam, a jira, a goge da samfefa, a sake. Aka fitar da motar gida daga gareji zuwa ƙarƙashin bishiya, ba ta kuma sake komawa ba har aka sayar da ita. Ranar da maƙwabta suka ga ƙarshen fiffike ya leƙo ta tagar garejin, ranar ya sami sunansa.

Malama ba ta hana ba, sai dai ta gindaya sharaɗi. "Baban yara," in ji ta, "kujera biyu na gani a zanen nan. Ta hagu taka ce. Ta dama tawa ce, kuma ni zan fara zama a cikinta, ba wani abokinka na ƙungiya ba." Ya yi mata alkawari, kuma a kan wannan alkawari sauran rayuwarsa ta tafi.

A 1998 aiki ya kai ga kujeru. Zanen ya ba da kujera ɗaya ga kowa, amma mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar siffar jikin baƙi ba zai zaunar da matarsa a kujerar kowa da kowa ba. Ya sa ta ta zauna a kan benci cikin tsohuwar riga, ya naɗe mata baya da bandejin filasta tun daga kafaɗa har ƙugu, sannan ya zauna a gefenta na hagu yana jiran ya bushe, yana ta ce mata ta miƙe zaune. Da aka zare, sai siffar ta fito a ɗan karkace, kafaɗar hagu ta sauka. Abin ya sosa masa rai, domin a asibiti ba a san shi da karkataccen aiki ba.

"Malama, kin ɓata min awo. Sai mun sake."

"Ba za a sake ba, Injiniya. Haka nake zama. In madaidaici kake so, ka ɗauki buhun yashi, shi ne ba ya karkata."

Haka ya ƙera kujerar a karkace yana gunaguni, ya kuma yi shekaru yana nuna wa baƙi ita a matsayin aibi ɗaya tak da ke cikin jirginsa, yana cewa malamar lissafi ce amma ba ta san miƙaƙƙen layi ba.

Shekarun Malama a gareji

A 2001 jikinsa ya daina karɓar gam. Hannuwansa suka riƙa kumbura suna tsagewa, idanunsa na rufewa da ya shaƙi warinsa, likita kuma ya ce yawan shekarun da ya yi yana taɓa shi ne ya jawo, babu magani sai nisanta. Dole ya yi ritaya daga asibiti a 2003. Garejin ya zauna a rufe wajen rabin shekara, shi kuma ya zama mutumin da ke zama a tsakar gida yana kallon bango.

Malama ce ta buɗe garejin. Ta sa safar hannu da takunkumi, ta ajiye masa kujera a waje daidai taga, ta ce ya faɗa ta yi. Daga nan har aka gama, ita ce ta auna gam, ita ta shimfiɗa kowane ƙyalle, shi kuma yana leƙe ta gilashin taga yana ba da umarnin da rabinsa ba ta bi. Takan ce da a ce ta san ita za ta gina jirgin, da kujerar hagu ta zaɓa. Waɗanda suka san gidan sun ce ba su taɓa ganin su cikin nishaɗi kamar a waɗannan shekaru ba, duk da musun da ake jiyowa har bakin titi.

An ɗaura inji a 2008. A 2011 aka cire fikafikan, aka kai jirgin filin ƙungiya a bayan babbar mota, aka mayar da su, jami'in hukuma ya duba ya sa hannu. A shekarar ce kuma aka gano ciwon da ke jikin Malama, likitoci kuma ba su ɓoye musu cewa ya yi nisa ba.

Tashin farko da rasuwar Malama

Ya tashi da jirgin karon farko a farkon 2012, ya kewaya filin ya sauka lafiya, tana kallo daga cikin mota domin tsayuwa ta fara yi mata wuya. Sai dai ƙa'idar jirgin gwaji ita ce matuƙi ya cika wasu sa'o'i yana tashi shi kaɗai kafin a yarda ya ɗauki kowa. Ya dage yana tashi duk ranar da sama ta yi kyau, amma lokacin ruwa ya shigo, sa'o'in suka ƙi cika, ita kuma tana ƙara ramewa.

Wata safiya ya kai ta filin, ya ɗaga ta ya zaunar a kujerarta, ya ɗaure mata bel, ya ce ba wanda zai sani in sun ɗan kewaya sau ɗaya.

"Baban yara, ni na shafa gam ɗin fikafikan nan," in ji ta. "In akwai kuskure a ciki, nawa ne, kuma ba a gama gwadawa ba. Ba za mu bar yaran nan babu uwa babu uba rana ɗaya ba. Ka ja ni a ƙasa."

Ya tayar da inji, ya ja ta a hankali har ƙarshen titin jirgin, ya juyo, ya sake, tayoyi ba su bar ƙasa ba. Da suka tsaya ta ce tafiyar ta yi daɗi, sai dai direban bai cika sauri ba. Ta rasu bayan wata biyu, kafin sa'o'in su cika.

Shekarun kaɗaici

Ya ƙarasa sa'o'in gwajin domin ta ce ya ƙarasa, hukuma ta ba shi izinin ɗaukar fasinja, amma bai ɗauki kowa ba. Abokan ƙungiya suka roƙa, 'ya'yansa suka roƙa, ya ce kujerar tana da mai ita. Buhun yashi ya riƙa ɗaurewa a ciki don daidaita nauyi, in an tambaye shi kuma ya ce ita ta ba da shawarar.

A 2015 likitan matuƙa ya gano rauni a zuciyarsa, aka dakatar da lasisinsa. Ya ci gaba da zuwa filin yana goge ƙura yana juya farfela da hannu. Auta, wadda ta girma da warin gam a hancinta, ta shiga koyon tuƙi a ɓoye, sai a 2018 ta ajiye masa lasisinta kusa da kofin shayinsa. Ya ba ta makullin jirgin da kujerar hagu. Ta dama kuwa ta ci gaba da zama ta buhun yashi, duk yadda Auta ta lallashe shi ya hau ta ɗauke shi.

Tashinsa na ƙarshe

A 2021, yana da shekara saba'in, jiki ya yi sanyi ya rame har rigunansa sun yi masa yawa, Auta ta ce masa ita ta gaji da yawo da yashi. "Baba, Mama ta riga ta fara zama, alkawari ya cika. Yanzu ko ka hau, ko in sa buhun nan a jerin magada." Ya yi dariya har da tari, ya ce a fitar da buhun.

Bai taɓa zama a kujerar ba, domin a da faɗin bayansa ba zai shiga ba. Ranar ya shige daidai. Da suka bar ƙasa jirgin ya daidaita a sama, ya saki jikinsa, sai ya ji kujerar tana kai shi hagu a hankali, har kafaɗarsa ta jingina da ta Auta. Ya miƙe zaune, ya sake saki, ta sake kai shi. Sai Auta ta ji muryarsa a na'urar kunne.

"Auta, ranar da na ɗauki awon nan, ta wane gefe na zauna?"

"Ina zan sani, Baba? Ina makaranta."

"Ta hagu na zauna," in ji shi. "Ashe wajena take karkatowa, ni kuwa ina ta ce mata ta miƙe."

Auta ta ce ba ta waiwaya ba, domin idonta ya cika da ƙwalla kuma tana tuƙi. Bai sake ɗaga kafaɗarsa daga tata ba har suka sauka, daga ranar kuma bai ƙara kiran kujerar aibi ba.

Rasuwa

Ya rasu a 2022 a gidansa, bayan gajeriyar jinya, 'ya'yansa na kewaye da shi. An yi jana'izarsa a ranar, cikin taron dangi da maƙwabta da abokan ƙungiya, da kuma mutane da dama da suka tako zuwa maƙabarta da ƙafafun da ya ƙera musu. An binne shi kusa da Malama, ta gefenta na hagu, kamar yadda ya roƙa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ya bar jikoki bakwai da 'ya'ya uku: Babban Yaya, malamin makaranta kamar mahaifiyarsa, Shiru, ma'aikaciyar gidan rediyo, da Auta, wadda jirgin ke hannunta, kuma har yau duk wanda ta ɗauka sai ta ji nauyin kafaɗarsa a kan tata.